Tafarnuwar Abby

Clinton, Maryland
Farkon Afrilu

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki ce masa ya rage shiga fadama da kansa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Ni lafiya lau, aikin wankin mota yana tafiya. Damuwata ɗaya ce, tsohon nan Jerome da nake haya a ɗakin ƙasa na gidansa. Ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. An sallamo shi a keken guragu, tun daga nan ya ƙaurace wa abinci. Ɗansa yana wata jiha mai nisa, sai waya. Mutumin nan shi ya koya mini tuƙi, shi ke buga mini ƙasa da sanda in na makara sallar asuba, alhali shi Kirista ne. Manomi yake kirana da Turancinsa, wai ko mota tuƙa ta nake kamar ina kora shanun huɗa.

Bayan gidan akwai ɗan kurmi da ya gangara zuwa rafi. A nan wata tafarnuwar daji take fitowa da zarar sanyi ya sake, kafin bishiyoyi su yi ganye. Ganyenta mai faɗi ne, gindin karan ja-ja, ƙamshinta tsakanin albasa da tafarnuwa. Makonni kaɗan take yi ta ɓace. Marigayiya matarsa, Abby, ita ta kawo ta daga duwatsun garinsu ta dasa. Bara ya soya mana ita da dankali da ƙwai, yana ci yana ba ni labarin matar har abincin ya huce. Na lura ganye zalla ya tsinko, babu kai ko ɗaya. Na ce a raina, bawan Allah, ƙarfin tona ne ya ƙare masa.

Bana ta fito, wurin ya yi kore shar, shi kuwa sai dai ya hango ta taga. Ranar hutuna zan sauka in girbe masa ita yadda ake girbi, ba zan faɗa masa ba sai ya ji ƙamshi. In bai ci wannan ba, ban san abin da zai ci ba.

Ki gaida Baba da kyau.

Ƙaninki,
Rilwanu

*

Clinton
Tsakiyar Afrilu

Yaya Saudatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a. Amma Yaya, na yi ɓarna.

Na sauka da shebur da bokiti biyu. Kin san Baba, in ya ga kan albasa ɗaya a kwami bayan girbi sai ya ce ɗan wa ya yi wannan aikin. To haka na yi. Na bi wurin tsaf, ban bar ko ƙwaya ba, har ina jin daɗin kaina. Na wanke, na yanka wajen rabin bokiti, na soya dankali ya yi ja, na zuba kawunan, sannan ganyen, na fasa ƙwai a kai. Na ƙara ɗan yajin da kika aiko.

Ƙamshin bai gama cika gidan ba na ji yana kirana daga ɗaki. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ya faɗi. Ya karɓi cokali da hannunsa, ya ci, ya ƙara. A loma ta uku ya tsaya yana kallon wani farin yanki a cokalin. Ya ce in tura shi kicin. Ya ga bokitin, da jijiyoyin a tare gefe guda.

Bai yi faɗa ba. A hankali ya gaya mini ita wannan ba a tone ta. Ganye ɗaya ake tsinka a kowane gindi, a bar sauran. Daga iri zuwa girma tana cin wajen shekara bakwai. Abby 'yan ƙwayoyi ta kawo a jiƙaƙƙiyar jarida tun ɗansu yana rarrafe, duk abin da na gani daga su ya yaɗu. Sai ya ce in mayar da shi ɗaki. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kwashi waɗanda ban yanka ba, na tsinto gindayen masu jijiya daga kwandon shara, na koma na dasa su ɗaya-ɗaya, na ba su ruwan rafi. Sun wuni a waje, wasu har na wanke su da ruwan ɗumi. Ban sani ba ko za su kama. Sai wata shekara ake ganewa.

Abincin yana firji, ba wanda ya iya ci. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Rilwanu

*

Clinton
Disamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi? Namu ya fi ƙarfin faɗa.

Kin ce in sake ba shi haƙuri. Na ba shi, ya ce ya wuce. Yana gaishe ni, yana yi mini godiya in na ɗaga shi ko na aske masa gemu. Sai dai yanzu Rilwanu yake kirana, cikakken sunana, kamar ma'aikacin asibiti. Ya kuma sa an juya masa gado, ba ya fuskantar tagar nan. Cin abincinsa kamar na tsuntsu, likita ya ce zuciyar ma ta gaji.

Da ganye ya zube na tara na lulluɓe wurin, don na lura can da haka yake, ƙasar baƙa ce mai laushi a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Barewa na ratsa wajen, na kewaye da ƙirare. Kullum kafin aiki nakan leƙa. Ba abin gani, ƙanƙara ce kawai, amma ina zuwa.

Allah ya kai mu bazararsu, ni da shi.

Rilwanu

*

Clinton
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da yara. Kin ji ni shiru. Jerome ya rasu makon jiya, a gadonsa, da hantsi. Na je jana'izar a coci na tsaya daga baya. Ɗansa zai sayar da gidan, ni kuma na samu ɗaki a Lanham wurin wani ɗan Zariya.

Tafarnuwar ta fito tun kafin rasuwarsa, Yaya. Ba kamar da ba, jefi-jefi, sirara, yawancinsu ganye ɗaya. Ranar da na fara ganin tsinin farko ya huda busasshen ganye, zama na yi a ƙasa. Na ɗauka a waya na kai masa. Ya ture wayar, ya ce shi ba ya cin hoto, in kai shi.

Keke ba ya sauka gangaren. Na durƙusa na goya shi, na ɗaure da zanin gado yadda kike goya ni ina ƙarami. Bai kai rabin buhun albasa ba. Na zaunar da shi jikin bishiya, ya daɗe yana kallo, yana shafa ƙasar da tafin hannu. Na fito da 'yar wuƙa don in tsinkar masa ko ganye ɗaya ya ɗanɗana. Ya riƙe mini hannu. Ya ce ba bana ba, ba baɗi ba ma, a bar su su yi ƙarfi. Na ce to yaushe zai ci? Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ya ci rabonsa.

Da muka tashi, na juya da shi a baya zan hau gangaren, sai na ji ya ja mini kunne, ya ce, Manomi, duba ƙafarka, kada ka taka.

Yanzu ganyen ya yi rawaya ya kwanta, wanda bai sani ba zai ce ba komai a wurin. Na roƙi ɗan ya faɗa wa duk wanda ya sayi gidan cewa akwai tafarnuwa a wurin, ya ce to, yana duba wayarsa. Ni dai na ƙara musu busasshen ganye, gobe zan miƙa makulli.

Ki yafe mini dogon shiru. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Rilwanu