Gazalar Yayana Za Ta Raba Ni da Aikina

Inna Barira, don girman Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan kai wa kukana. Mahaifiyata hawan jini gare ta, ƙawayena kuwa dariya za su yi, su ce a kan mota nake zubar da hawaye. To a kan motar ne, kuma ko abinci ba ya shiga bakina.

Ina aiki a Bahri, tsallaken kogi daga Umdurman, a gidan sayar da motocin wani kamfani, ni ce mai karɓar baƙi. Tun da muka dawo Umdurman bayan yaƙi ya tarwatsa mu, wannan aikin ne yake riƙe da gidanmu, daga maganin Iya har gawayin girki.

Kamfanin yana da wata 'yar ƙaramar motar gudu mai ƙofa biyu, da tambarin barewa a hancinta, shi ya sa ake ce mata Gazala. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali, in ta ga rami sai an lallaɓa ta kamar mai jego. Yayana Haisam shi ne shugaban ƙungiyar masu ita. Al'adarsu ce duk angon da ya roƙe su, su suke jan sirarsa, wato jerin motocin rakiyar ango, kuma ba sa karɓar ko sisi. Ran Juma'a kuma su jeru a hanyar Jabal Awliya, yara suna binsu da ihu. Inna, Gazalar kanta ba a cika sayenta ba, amma ita ke sayar mana da sauran. Mai neman motar ɗaukar albasa ma sai ya shigo ya ce a ba shi ta gidan su Gazala. Wasu ko farashi ba sa tambaya sai sun kira ɗan ƙungiyar sun ji ta bakinsa.

Ki ji irin son da yake mata. Ranar da za mu gudu, mu muna ɗaure tukwane, shi yana kwaɓa ƙasa. Ya cire tayoyinta ya binne, ya gina bangon laka ya rufe ta ruf a kusurwar gida, har ka rantse tsohon ɗakin ajiya ne. Iya ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Da muka dawo, an kwashe komai har ƙofofi, amma Gazala tana nan, ɓeraye kawai suka ci wayoyinta. Da ya rushe bangon, a gabanmu ya durƙusa ya yi kuka, mutumin da ko rasuwar Baba a ɓoye ya yi nasa.

Yanzu kamfani ya daina ƙera ta, ya ɗauki tambarin barewar ya manna wa wata doguwar motar iyali. Yaya ya ce jaki aka sa wa ƙahon barewa. Shi da 'yan ƙungiyarsu sun yanke shawara ranar Asabar, ranar da za mu ƙaddamar da sabuwar, za su jeru a ƙofarmu, kowa ya ɓalle tambarin motarsa ya ajiye a ƙasa, su ɗauka a waya su watsa. Tun kafin su yi, wasu da suka yi mana alkawarin saye sun janye.

Manajanmu, Ustaz Salahuddin, ya kira ni ofis. Ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa don ni ƙanwar Haisam ce ya ɗauke ni aiki, ashe ba don takarduna ba. Yana so Yaya ya tuƙa sabuwar motar a gaban jerinsu, ya yabe ta. In kuwa tambari ya taɓa ƙasa, kada in wahalar da kaina zuwa aiki washegari Lahadi.

Ban faɗa wa Yaya wannan ba. Na dai yi masa shaguɓe muna shan shayi, ya yi dariya ya ce na zama 'yar amshin shatan kamfani. Tsoro nake ji, Inna. In na faɗa ya janye, abokansa za su ce an saye shi, kuma ba zai ƙara kallona da idon da ba. In na faɗa kuma ya ƙi janyewa, to na san ƙarfe ya fi ni a wurinsa, kuma wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Har na kai ga tunanin jefa makullinsa a kogi daga kan gada. Ki faɗa mini abin yi kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ƙanwar Mai Gazala, Umdurman

*

'Yata, da farko ki bar makullin mutum inda yake. Wanda ya tono tayoyi daga ƙasa ba rashin makulli ne zai zaunar da shi gida ba, sai dai ki ƙara wa kanki sunan ɓarauniya.

Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa. Kamfani ba zai rayu da motar da mutane ke tafa wa amma ba sa saye ba, kuma mutanen da suka dawo gidaje babu ƙofa motar iyali suke bukata. Yayanki ma bai yi hauka ba. Shekara da shekaru suna tallata wannan tambari da mansu da lokacinsu, sai aka sauya masa gida ba ko sallama. Inda manajanki ya kuskure shi ne da ya ɗora miki kayan da ba naki ba. Ya kuma manta cewa ana jin maganar Haisam ne don an san ba a biyansa. Ran da ya yabi motar da kowa ya ji ya kira jaki, maganarsa ta mutu, kamfanin ma bai ci riba ba.

Ki koma wurin Ustaz Salahuddin cikin ladabi ki faɗa masa haka. Ki ce ba ki da iko da bakin yayanki, amma za ki iya kawo shi su zauna kafin Asabar. Akwai abin da manajan zai iya ba 'yan ƙungiyar wanda bai fi ƙarfinsa ba: kayan gyaran tsofaffin Gazala, da isar da ƙorafinsu ga masu ƙera motar a rubuce. Su kuma su faɗi ra'ayinsu a cikin ofis, ba a bakin titi ba. Ban yi miki alkawarin zai yarda ba, don haka ki fara cigiyar wani aikin tun yanzu. Wurin da aka ɗauke ki don sunan wani ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne.

Amma kafin wannan duka, yau ɗin nan, ki zaunar da Haisam ki faɗa masa abin da manaja ya ce, kalma da kalma, ba shaguɓe. Kada ki roƙe shi ya yi ƙarya, ki dai bar shi ya san wanda zai biya kuɗin fushinsa. Kin yanke masa hukunci a ranki alhali bai ma san ana shari'a ba, kuma wannan ba adalci ba ne. Mutumin da ya tsaya kwaɓa laka ana harbe-harbe don kada a taɓa abin da yake so, ban ga alamar zai bar ƙanwarsa a fili ba. Motar dai ya ga haɗarin da take ciki da idonsa, ke kuwa kin ɓoye masa naki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Iya lafiya, ya bar ku tare.

Inna Barira