Ba Zan Rufe Rijiyata Ba Sai An Kawo Sabon Gawayi

Zuwa ga mai girma shugaban aikin tace ruwa na ƙauyenmu, kusa da Barmu.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali?

Tun bara nike jin ana raɗa cewa gawayin da ke cikin tankinku ba a sake shi, wanke shi ake yi a shanya a rana, a mayar. Na ce ƙarya ne. Mutanen da suka zo daga Tawa cikin mota, da takardun boko, ba za su yi wa gawayi wankin gero ba. Amma ga abu uku da suka sa na rubuto maka.

Na farko. Ranar buɗe famfo kai da bakinka ka ce wanga ba gawayin shayi ba ne. Ka ce yana da ƙananan ramuka masu kama dafin maganin ƙwari da gubar tsoffin batura da damina ke korowa cikin tafki, kuma in ramukan sun cika, sai dai sabo. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na riƙe.

Na biyu. Bayan girbi na bi ta bayan tanki neman akuyata. Ga gawayi shimfiɗe bisa tabarma, kaji na tono. Ma'aikacinka ya ce rana ke kashe dafin. Ranka ya daɗe, rana ta gasa ni shekaru da yawa, har yau ban ga ta cire mini ko ciwon gwiwa ba.

Na uku. Yanzu kun aiko in rufe rijiyar gidana, wai kowa ya koma famfo. Ba zan rufe ba. Jikokina daga gare ta suke sha, maƙwabta ma na buɗe musu ƙofa. Mai son zuba mata ƙasa ya zo, zai tarar da ni zaune a bakinta.

Roƙona: a kawo sabon gawayi, a buɗe buhun a gabanmu, a gwada ruwan, a faɗa mana da Hausa abin da aka gani. Ran nan ni zan fara kurɓa.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da shan abin da ba ka sani ba.

Na ji kana neman mai yaɗa maganar. Ba sai ka wahala ba. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe ita ce Hajiya mahaifiyarka, shekaranjiya, da ta zo cika bidonta na ruwan sha a rijiyata.

Wassalam.

Tsoho Ibro, na bakin tafki