Na Yi Musu Sallama da Baki

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, in ban da hannayen nan da tururin guga ya dafa.

Su suka sa na bar ɗakin wankin otal. Na yi yadda aka koya mana: na sa rigata mai kyau, na sami manaja, na yi godiya, na ce mu yafi juna. Ya ba ni hannu, har da "Allah ya kiyaye, Baba."

Da na koma karɓar albashina na ƙarshe, yarinyar ofis ta ce, "Baba, ina takardar sanarwarka ta wata guda?"

Na ce, "'Yata, ai mun yafi juna da manaja."

Ta ce, "Yafiya ba ta shiga kwamfuta."

Na yi ta sintiri har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Yanzu sun ce ko in koma in yi musu aikin watan, ko in haƙura da albashin. Da wane hannun? Mai gidan haya kuwa, da yake yana bina kuɗin haya, ya kawo wani ya duba ɗakina ina zaune a ciki, har yana auna bango da taku.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Don Allah ka sayar da kekena da na bari a gida, ka turo abin da ya samu. Kada ka tsaya ciniki, mutumin ya ce Juma'a zai kawo gadonsa.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka