Yadi Biyu da Rabi, da Keken Inna Ƙaltume

Anbariyya, Madina
12 ga Sha'aban, 1419 (Disamba 1998)

Zuwa ga ɗana Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka sanyin Amurka, Ya ba gwiwarka ta dama sauƙi. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarka, Yaya Hajo, tana nan, sai dai ciwon ƙafa ya matsa mata, yanzu a kan kujera take salla. Matata Lauratu ta fara ɗinkin salla tun azumi bai kama ba, ƙanwarka Murja kuma ta gama jarrabawa. Ni ina nan da ɗalibaina da allon lissafi. Masu umara sun fara cika gari.

Kaset ɗin wasanninku uku na ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, ya iso ta hannun likitan nan ɗan Kano da ka ba saƙon. Bidiyonmu ya ƙi karanta shi, sai da na kai shago aka juya shi zuwa tsarin nan, abin da ya ci kwana tara. A ciki na tarar da 'yar takardarka, inda ka ce koci ya faɗa maka idan gudu da ƙwallo bai gyaru ba kafin wasannin bana su ƙare, za su nemi wani a gurbinka. Ka rufe da cewa khalas, shi ke nan, ƙafarka ce ta mutu. Sau uku na buga waya, na'ura ce take amsawa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai kuskuren da kusan kowa yake yi game da wasan nan, kuma na ga kai ma ka faɗa ciki: zaton cewa idan gudu ya lalace, saurin mai gudu ne ya ragu. Lauratu ma haka ta ce. Da ta ji cewa duk ɗaukar ƙwallo yadi biyu da rabi kake ci, sai ta ajiye almakashi ta ce wannan ko rigar yaro ba zai ɗinka ba, a gaya maka ka ƙara wuta. Na yi dariya, amma ba haka ba ne. Shekara uku na yi ina ɗaukar wa ƙungiyar jami'armu hoton atisaye lokacin da nake karatu a can, kuma abin da na koya shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyar ɗin nan na gabanka su ne suke ture abokan hamayya su buɗe maka ƙofa, ƙofar kuwa ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba take rufewa. Saurinka yana nan, na auna shi da agogo. Lokacin shigarka ne ya ɓace.

Sau hamsin da ɗaya aka miƙa maka ƙwallo a wasannin nan. A talatin daga ciki, da ka karɓa sai ka tsaya bayan mutanenka kana rausaya, ka nuna hagu, ka nuna dama, ka sake komawa hagu. Kafin ka yanke shawara ƙofa ta rufe, ƙarti uku sun hau kanka. Da na mayar da kaset baya karo na huɗu, sai na gane rausayar. Tawa ce. Ni na koya maka ita a lungun bayan masallacin Anbariyya, da ƙwallon roba, ina ce maka kada ka taɓa nuna wa mutum inda za ka sai ka yaudare shi sau biyu. A ƙwallonmu ta ƙafa wannan gwaninta ce, har masu shaguna suna tafa maka. A wasanku kuwa guba ce. A jami'a ka fi kowa sauri, sai ta ɓuya. Yanzu da ka shiga wasan ƙwararru, kowa mai sauri ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na tanƙwara ka ta inda ba nan iska za ta kaɗa ba. Ka yafe mini.

Amma akwai wani abu da ka iya wanda ba ni na koya maka ba. Ka tuna shekarun da kake tura kakarka, marigayiya Inna Ƙaltume, a keken guragu zuwa Harami, masallacin Annabi, ranar Juma'a? In an sallame, zahama, wato cunkoso, ta ɓarke a bakin ƙofa, mutane kafaɗa da kafaɗa. Ban taɓa ganin ka rausaya da keken nan ba, don keke ba ya rausaya. Sai ka zaɓi wani ƙato mai faɗin baya, ka liƙe masa, kana tafiya a hankali kamar ba ka da gaggawa. Da zarar ya ture jama'a gefe ɗaya, sai ka karya kwana sau ɗaya tak, ka danna, ba waiwaye. Inna takan ce duk cikin jikokinta kai kaɗai ne ba ka taɓa zubar mata da ruwan gora ba. To wannan shi ne gudu da ƙwallo, ba wani abu ba. Mai lamba sittin da takwas, na hannun damanku cikin biyar ɗin nan, shi ne ƙaton. Ka bi ƙugunsa, ka yi haƙuri taku biyu, ka karya sau ɗaya, ka sauke kafaɗa. Ko ƙofar ba ta buɗe ba, ka faɗi ta gaba. Yadi uku na dole ya fi yadi ashirin na mafarki. Na zana maka a bayan takardar nan.

Ɗana, ba zan ruɗe ka ba, don ban saba ba. Ko ka yi duk wannan, ban ga zai ishe ku ba. Na hagunku da ya karye, wanda aka sa a madadinsa ƙafarsa nauyi gare ta, kullum a baya yake tashi. Mai jefa muku ƙwallo kuma ba ya iya kai ta nesa, abokan hamayya sun gane, shi ya sa suke jibge mutum takwas a gabanku, ku kuwa masu tarewa, ko an ƙara wa biyar ɗin mataimaka, shida ne ko bakwai. Lissafi ne da ɗalibina na aji ɗaya zai yi: kullum akwai aƙalla mutum ɗaya da ba wanda ya tare shi, kuma kai yake jira. Maganin wannan yana hannun koci, ba hannunka ba, kuma na san ba za a kira ka a tambaye ka ba. Sauya mai gudu ya fi sauya mutum biyar sauƙi. Ga gwiwar nan, na ga yadda kake tashi a kanta kana ɓoye ɗingishi. Ga kuma tafiyar wasiƙa. Na ƙirga a kalanda, in gidan waya ya kyauta, za ta iso ka saura wasa ɗaya. In bai kyauta ba, ihu ne bayan hari. Halin shekara goma sha biyar kuma ba a fafe shi ranar tafiya.

Mahaifiyarka ba ta san da maganar koci ba. Ta kalli kaset ɗin da hannu a baki, duk faɗuwarka sai ta ce ya Latif. Daga baya ta tambaye ni ko ba za ka iya gaya musu su daina hawa kanka ba, tunda kai ba ka taɓa kowa ba. Na ce mata zan rubuta maka. Sai ta ce in ƙara da cewa rabonta da Harami wata biyu ke nan, ƙafa ba ta kai ta, ni kuma bayana ba ya barina tura keke. Keken Inna yana nan bayan ƙofa, Murja ta goge shi ta sa masa mai.

Don haka ga roƙona. In wasan ƙarshe bai wuce ba, ka gwada sau ɗaya kawai: ka ɗauka Inna ce a hannunka, ka bi bayan ƙaton, ka karya sau ɗaya. Ba don koci ba, don ka ji a jikinka cewa ƙafarka ba ta mutu ba. In kuwa takardar ta tarar da kai kana haɗa kaya, ka ninke ta ka sa a aljihu ka taho. Goman ƙarshe na azumi zahama ta fi ta kullum, akwai mai jiran a tura ta.

Yaya Hajo tana sa maka albarka. Lauratu da Murja suna gaishe ka, haka ma Sabiru mai shagon dabino, wanda har yanzu yake ba da labarin rausayarka. Ka gaida limamin masallacinku da ya riƙe ka kamar ɗa. Allah Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ko da ba shi muke so ba.

Naka har kullum,
Kawunka Ɗayyabu