Na Rabu da Ɗanta, Amma Har Yanzu Ina Kan Layinta

Malam Pyo,

Don Allah ka taimake ni, kuma kada ka yi min dariya, ko da yake na san halinka, ina karanta filinka kowane mako. Maganar waya ce. Na san mutane suna rubuto maka a kan rabon gado da rashin lafiya da 'ya'yan da suka ƙi komawa gida, ni kuwa ga ni da kwantiragin waya. Amma abin ya daɗe yana cina, kuma ban da wanda zan faɗa wa ba tare da ya ɗauke ni sakarya ba.

Shekarata arba'in da ɗaya, ina aiki a wani asibitin haƙori a Daegu, nan Koriya ta Kudu, ni ce a teburin karɓar marasa lafiya. Bara muka rabu da mijina bayan shekara tara da aure. Ba mu haihu ba. Gidan na haya ne, ko kyanwa ba mu da ita balle a yi rigimar wa zai ɗauka. Komai ya ƙare salin-alin. Abu ɗaya ne kotu ba ta tambaya ba, mu ma ba mu tuna ba: layin wayata yana cikin tsarin iyali na mahaifiyarsa.

Ka san yadda ake yi. Kamfani yana haɗa shekarun da kowa a gidan ya yi a kan layinsa, idan jimillar ta kai talatin sai a rage wa kowa kuɗi. Mama, wato mahaifiyar tasa, ita ce shugabar tsarin, takardar kuɗin duka gare ta take zuwa. Washegarin da muka dawo daga tafiyar amarci ta kama hannuna zuwa shagon waya, aka canza min lamba don lambobi huɗu na ƙarshe su zama iri ɗaya da na kowa a gidan. Ta dubi mai shagon ta ce, “Rubuta ta, tamu ce.” Ni kuwa, da yake mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, sai da na shiga banɗakin shagon na share ido. Shekaruna tara su ne suka tura su sama da talatin. Idan na fita, rangwamen kowa ya faɗi.

Ƙari a kan haka, ana saura kaɗan aurenmu ya mutu na karɓi sabuwar waya, na sa hannu a kwantiragin shekara biyu a tsari mafi tsada. Ka ga irin hangen nesana ke nan. Saura wata takwas. Na tambaya, an ce idan na fita yanzu tarar won dubu ɗari da casa'in ce, a kuɗinmu na nan.

Tsarin ya fi ƙarfin albashi ɗaya, wannan gaskiya ne. Sannan akwai Malam Tak, mai haɗa haƙoran roba, da yake kawo mana kaya asibiti. Mutum ne mai kirki, muna soyayya tun bazara. Rannan ya zo gidana ya ga kwalin busasshen kifi daga Pohang, garin da Mama take sayar da kifi a kasuwa, da lambar wayar rumfarta a jiki. Ya karanta, ya kalli lambata a wayarsa, ya yi dariya ya ce, “Ashe har yanzu kina amsa lambar gidansu? To ni a wane layi zan tsaya?” Ya ce shi zai biya tarar. Dariyar ba ta kai ido ba.

In yi maka bayanin kifin. Kowane wata idan takardar kuɗi ta iso, Mama sai ta kira ni. “Ke yarinya, kuɗin wayarki ya shigo. Me kike kallo a cikinta haka, ba kya barci ne? Kin ci abinci?” Maganar kuɗin ba ta wuce minti ɗaya, sauran duk a kan gwiwarta ne, da tsadar kifi, da matar rumfar kusa da ta rina gashi kamar 'yar ashirin. Sunan ɗanta ba ya fitowa. Sai in tura mata kasona. Bayan kwana kaɗan sai ga kwali, ta ce wai na tura fiye da kima, ita kuma ba ta riƙe canjin mutane.

Watan jiya na yi ƙarfin hali na ce mata ina tunanin canza tsarin waya. Ta ce, “To ai shi ke nan. Kin dai san kuɗin kowa zai hau. Ni tsohuwa, kifi nawa zan sayar?” Ta kashe. Ba ta tambaya ko na ci abinci ba. Na tura wa tsohon mijina saƙo, ya amsa da “Yi yadda kika ga dama,” wanda shi ne abin da ya yi shekara tara yana faɗa.

Tambayata, Malam: wanne ya fi araha, in biya tarar in fita, ko in sauka zuwa ƙaramin tsari in bar layin a cikinsu, ko in daure wata takwas ɗin? Lissafi kawai nake so ka yi min.

Surukar da wa'adinta ya ƙare,
Daegu

*

Baiwar Allah,

Lissafi kawai, kika ce. Kin rubuto min shafi uku, kin sa gwiwar tsohuwa da gashin maƙwabciyarta da banɗakin shagon waya, sannan kika ce lissafi kawai. To, bari in fara da shi, tunda na fi iya shi.

Ki sake kiran kamfanin, ki nemi su rarraba miki tarar nan gida-gida: nawa ne ragowar kuɗin wayar kanta, nawa ne rangwamen da za su karɓe. Ragowar kuɗin waya bashinki ne ko kin tafi ko kin zauna, kada ki lissafa shi a matsayin hukunci. Sannan ki ɗauki bambancin da ke tsakanin tsarinki da mai arha, ki ninka sau takwas. Idan ya haura tarar, fita ta fi zama riba. Ki kuma tambaya ko sauka zuwa ƙaramin tsari yana da tasa tarar, don sau da yawa yana da ita. Ni mutum ne mai karanta ƙananan rubutun kwantiragi kamar yadda wasu suke karanta labaran soyayya, kuma a dukkansu darasin ɗaya ne: shiga kyauta, da furanni da kyautar tukunya, fita ce ake sa wa farashi. Ki ƙara da wannan: rangwamen iyali na iyali ne a takarda. Ke yanzu ba kya cikin takardar. Ranar da wani ma'aikaci ya ga dama ya duba, za a cire ki ba tare da an nemi ra'ayinki ba, kuma Mama za ta ji labarin daga saƙon kamfani.

Na gama lissafi. Kin san shi tun kafin ki rubuto. Macen da take karɓar kuɗin haƙori daga hannun jama'a tun safe har yamma ba ta buƙatar ɗan jarida ya ninka mata abu sau takwas.

Yanzu ga wanda ba ki nema ba. Mama ta yi rayuwarta a kasuwa. Ta san nauyin kifi da ido, ta san kuɗin aika kwali daga Pohang zuwa Daegu. Kwalin nan na wata-wata ya cinye rangwamenta ya nemi ƙari. Wannan ba mace ba ce da take kare aljihunta. Mace ce da ɗanta ya rabu da matarsa, ta duba hagu da dama ba ta ga dalilin da zai ba ta damar kiran yarinyar ba, sai ga takardar kamfani. Mu mutanen ƙasar nan muna da suna ga matar ƙanin kakan mutum, amma ba mu tanadi ko ɗaya ba ga matar da ɗanka ya rabu da ita kuma kake kewarta. Shi ya sa take kiranki a matsayin mai bin kuɗi. Ke kuma kike amsawa a matsayin mai biya. Kun ɗauki kamfanin waya hayar ɗan aike, kuma yana karɓar ladansa a tsari mafi tsada.

Zan yi wa zama adalci. Wata takwas ba shekara takwas ba ne, kuma babu wanda ya mutu don ya jira kwantiragi ya ƙare. Amma ranar ƙarewar tana nan tafe, za ki tsaya a inda kike yau, sai dai a lokacin ba ki da tara da za ki laɓe a bayanta. Sauka zuwa ƙaramin tsari ya fi kama da wayo, ni ma da farko shi ya burge ni. Sai na ga cewa biyan hayar uzuri ne kawai a farashi mai rahusa. Kuma akwai abin da ban sani ba, ke ma ba ki sani ba: ko tsohuwar tana ganin muddin lambar tana nan, wata rana za ki dawo gidan. Idan haka ne, barin layin ba kirki ba ne.

Malam Tak kuwa, kada ki bari ya biya ko won ɗaya. Wanda ya biya tarar zai ga kamar shi ya fanso ki, kuma wata rana cikin faɗa zai tuna adadin. Mutumin da yake kishi da lambobi huɗu a jikin kwalin kifi bai yi laifi ba, amma ki gaya masa tun yanzu cewa lambar za ta tafi, tsohuwar kuwa mai yiwuwa ta zauna. Ki kalli fuskarsa da kyau lokacin da kike faɗa. Za ki koyi abu mai amfani.

Shawarata ki fita, da kuɗinki, ki canza lamba. Amma kada ki taɓa komai sai kin hau jirgin ƙasa kin je Pohang kin faɗa mata a rumfarta, ido da ido. Kada ki yi tayin cike mata rangwamen, za ta ji kamar kin biya ta sallama. Ba zan yi miki alkawarin za ta ji daɗi ba. Tana iya juya miki baya ta ci gaba da jera kifi, tana iya daina kira. Idan hakan ta faru, zai yi zafi, amma kin sani, kuma sanin ya fi abin da kike biya kowane wata don kada ki sani.

Abin da zan ce ki yi shi ne ki je da sabon dalili a hannu, tunda za ki karɓe mata tsohon. Sanyi ya kusa, lokacin haɗa kimchin shekara, kabejin nan da ake jiƙawa da gishiri da yaji a adana, ya ƙarato, aikin da kowace suruka a ƙasar nan take ƙirƙiro ciwon baya don ta guje masa. Ki tambaye ta wace rana za ta jiƙa kabeji bana. Za ta ce ba ta buƙatarki, za ta ce hannunki bai taɓa iya gishiri ba. Kada ki yi musu. Ki sayi safar hannu ta roba, ki je.

Ina miki fatan alheri, ke da ita.

Pyo Munsik