Maganin Gwiwar Baffa Lado

Ingila, 4 ga Maris, 1982

Zuwa ga Baffa Lado, a Roni.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Inno da su Dela suna lafiya, shanu kuma sun sami ruwa. Ni lafiya lau, sai dai sanyin ƙasar nan yana tayar min da gwiwar hagu, wadda ka sani.

Na sami saƙonka cewa ciwon gwiwa ya hana ka ruku'u, in aiko da maganin Turawa. Baffa, ba mu kai ga magani ba tukuna. Aikina a ɗakin binciken wannan ciwo shi ne in yanke jijiyar gwiwar ɓera tun yana ƙarami, in zuba masa ido har gaɓar ta cinye, ya fara ɗingishi. Malaminmu ya ce raunin ƙuruciya ke jawo wannan ciwo. Na ce masa tun a Roni na koya, ranar da saniyarka ta shiga gonar mutane ka sauke min sanda a gwiwa.

Ka ci gaba da salla a zaune, Allah yana karɓa. Ni dai ɓerayena, sai na ba su maganin barci kafin in taɓa su.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanka,
Haladu