Fanel ɗin da Modu ya bari

Daren Laraba, Azare

Kwana uku ke nan ina fama da fanel ɗin da Modu ya haɗa kafin rasuwarsa, mai baki huɗu na jona filash da firinta a kwamfuta ɗaya. Hajiya mahaifiyarsa ce ta kawo min shago, ƙulle a ɗankwali. Ta ce, "Bukar, kai ne abokin aikinsa. Ƙarasa masa, ba ya son barin aiki rabi."

Mita ta nuna wuta na shiga, amma kwamfuta ko motsi. Na canza waya, na sake bin ƙafafun kayan da ke kan fanel ɗin da dalma, shiru. Sai yau bayan la'asar na gano Modu ya juya layuka biyu masu ɗaukar saƙo. Na gyara, na jona. Kwamfuta ta yi ƙara, ta rubuto sunan Modu. Na san shi ya saka, haka yake wa kayansa, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya hana ni barci shi ne, kwamfutar tana nuna akwai abu a baki na uku, alhali babu komai a jone. Malam Sani mai gyaran rediyo ya ce dalma ce ta haɗe. Muka duba tare da madubin ƙara girma, ba ta haɗe ba. Ya koma shagonsa.

Na zare, na rufe shago tun kafin magariba, na yi wa Modu addu'a a masallaci. Gobe Hajiya za ta zo. Zan ce mata fanel ɗin ya yi aiki. Sauran ba zan faɗa mata ba.